Motar da Hisham Bai Zaɓa Ba

McLeansville,
10 ga Satumba, 2023

Zuwa ga Yayata Ruƙayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Umma? Ki ce na ce ta daina hawa bene don shanya, ga yara cike da gida. Ni ma lafiya ƙalau, alhamdu lillahi.

Kada ki yi dariya da kika ga hoton takarda maimakon saƙon murya. Saƙon murya duk tsakar gida sai an ji, wannan kuwa taki ce ke kaɗai. Na san za ki ce littattafai ne suka lalata ni. Wataƙila.

Kin tambaye ni halin Ma'aruf. Wata biyar ke nan da tarewata, kuma da za a ce in kai ƙararsa, ban san abin da zan faɗa ba. Ba ya tsawa, ba ya hana ni komai. Shiru ne kawai. Da safe ya tafi aikinsa na gyaran injinan ɗaga kaya a wani babban sito wajen titin Wendover. Ya dawo bayan la'asar, ya ci abinci, ya ce sannu da aiki, ya fita garejin bayan gida, sai magariba ta shigo da shi. Gidan kuma, duk da a Amurka ne, a tsakiyar gonaki yake, barewa ta fi mutum zuwa ƙofata. A littattafan da na cika akwati da su, miji mai shiru wuta yake ɓoyewa a ƙirji, amarya ta yi haƙuri zuwa babi na goma. Ni na wuce babi na goma tuni.

A garejin nan akwai tsofaffin motoci biyu, kowacce ta girmi Ummanmu. Ɗaya ta Amurka ce, Mustang, ja, mai faɗin ƙirji. Ɗayar ta Ingila ce, MG, koriya, 'yar ƙarama mai kujera biyu kacal, rufinta kamar na tanti, ana naɗe shi baya. Shi da ƙanensa Hisham suka saye su tare daga wani tsohon manomi, duk sun yi tsatsa, suka yi shekaru suna tayar da su. Kin tuna Hisham, wanda ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki shekara biyu da suka wuce, kafin a fara maganar aurena. Ya bar mata, Hanifa, da 'ya ɗaya, Afnan.

Ranar Lahadi Alhaji Dabo ya zo, dattijon da 'yan gida suke kai wa maganar aure da ta gado a garin nan. Ina kicin na ji komai. Ya ce an raba duk abin da Hisham ya bari sai motocin. Hajiyarsu da shi Ma'aruf sun bar wa marainiyar kasonsu, kuma masana sun ce darajar motocin kusan ɗaya ce, don haka abu mai sauƙi ne, ɗaya ta zauna, ɗaya ta tafi wurin Afnan. Ya ce haƙƙin maraya ba ya shekara biyu a gareji.

Ma'aruf ya ce ba shi da ikon zaɓa. Tun suna yara, in an ba su nama ko rake, dokar Hajiya ɗaya ce: babba ya raba, ƙarami ya zaɓa. A kan haka suka yi alkawarin motocin, in an gama gyara su tuƙa duka biyun, Hisham ya ɗauki tasa. Alhaji ya ce ai duk masallaci an san koriyar Hisham yake yabo. Ma'aruf ya ce yabo daban, zaɓi daban. Alhaji ya ce a yi ƙuri'a. Ma'aruf ya ce ƙuri'a ba ƙanensa ba ce.

Wannan ce magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa tun da na zo, kuma ta bayan ƙofa na ji ta.

Ki gaida Umma da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Suhaila

McLeansville,
22 ga Oktoba, 2023

Yaya Ruƙayya,

Sallama da gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ji daɗin jin ƙafar Umma da sauƙi. Allah Ya ƙara afuwa.

Albishirinki. Ki ajiye goron sai na zo. Mutumin ya buɗe baki.

Wata Asabar na gaji da zama, na haɗa shayi na kai masa gareji, abin da ban taɓa yi ba. Na tarar da shi tsaye tsakanin motocin biyu yana motsa leɓe shi kaɗai. Bai ce in ajiye in tafi ba. Ya tambaye ni wacce ta fi kyau a idona. Ni da ban san bambancin burki da totur ba, na nuna koriyar, don kawai launinta ya yi kama da leshin da na sa ranar kamu.

Yaya, sai ya yi dariya. Ashe kumatunsa suna loɓawa. Ya ce wannan ai bahon wanka ne aka sa wa taya. Ya ce silinda huɗu gare ta, jar kuwa takwas, in ya tayar da ita har gilasan gida sai sun amsa. Duk abin da ya lalace a jar, ranar zai samo shi a garin nan, na koriyar kuwa sai an aika an jira kamar lefen da ya makara. A miƙaƙƙiyar hanya, in ji shi, koriyar hayaƙin jar kawai za ta gani. Na ce ai ƙaramin abu ma da nasa kyan. Ya girgiza kai ya ce wannan ba hujja ba ce, ya koya mini. Ya ce in ce jar babbar riga ce, yadi da yawa, sai cin iska, koriyar kuwa kaftani ce ɗinkin daidai jiki. In ce kowane sa ya iya gudu a miƙe, a kwana ake gane gwani. Na faɗa, ya mayar mini, na sake faɗa. Shayin ya huce ba wanda ya taɓa shi.

Washegari ya zaga da ni a cikin kowacce. Jar kamar an sa wa falo ƙafa ce, kujera mai faɗi, ƙararta a ƙirji ake jin ta kamar tambari, in ta zo kwana sai ta yi rangaji kamar mai ƙiba zai zauna. Koriyar kuwa ƙasa-ƙasa take, da na miƙa hannu da na taɓa kwalta. Iska ta kusa tafiya da mayafina, ganyen bishiyoyi ja da rawaya suna zubo mana. Muryarta ta kalangu ce, duk yadda hannu ya matsa haka take amsawa. A cikin jar sai ki ji ana kai ki wani wuri. A cikin koriyar sai ki ji ke ce kike tafiyar. Wannan maganar tawa ce, ba shi ya koya mini ba, kuma da na faɗa ya daɗe yana kallona.

Yanzu kullum bayan la'asar muna gareji muna gardama. Sati biyu ban buɗe littafi ba. Ki gaya wa Umma addu'arta ta ci.

Taki har kullum,
Suhaila

McLeansville,
3 ga Disamba, 2023

Yayata,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya yara da makaranta? Nan sanyi ya shigo sosai, amma lafiya muke.

Na rubuta takardar nan sau biyu ina yagawa. Ban san yadda zan faɗi abin ba tare da kin ɗauka na fara taɓuwa ba.

Gardamar nan ba ta canzawa, Yaya. Da farko na ɗauka hira ce, yau nan gobe can. Sai na lura magana ɗaya muke maimaitawa, a jere ɗaya, kamar masu tilawa. In na kawo tawa hujjar, sai ya saurara da haƙuri, sannan ya mayar da ni kan layi. Rannan na ce a kwana ake sanin gwani. Ya tsayar da ni ya ce ba sanin ba, gane. Na ce ai duk ɗaya ne. Ya tsaya yana jira har sai da na gyara.

Ya fara koya mini tuƙin koriyar a hanyar gona. Kujerar direba ta yi mini nisa, na sa hannu zan jawo ta, ya riƙe hannuna da ƙarfin da bai taɓa riƙe ni da shi ba. Ya kawo matashi biyu ya sa mini a baya. Kujerar tana nan inda tsawon ƙafar wani ya bar ta. Fatar ma ta lotsa da siffar wani jiki, in na zauna ina jin inda kafaɗunsa suka tsaya, sama da nawa.

Da sanyi ya tsananta ya ciro wata hular ulu daga aljihun motar ya ɗora mini a kan ɗankwali. Na ji daɗi, na ce yau ga ni a littafi. Da na shiga ɗaki na cire ta, sai na ji ƙamshin man gashin da ba nasa ba.

Shekaranjiya kuma yana ƙarƙashin jar ya miƙo hannu ya ce Auta ta ba shi sifana. Kin san ni ba auta ba ce a gidanmu, kuma bai taɓa kirana haka ba. Hisham ne autan gidansu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na miƙa masa, kuma wadda yake so na miƙa, ban tambaya ba.

Jiya ina yanka albasa na ji ina gardamar ni kaɗai, ina buga wuƙa a katako sau biyu kafin kowace hujja. Ban san inda na samo wannan ba. Kin sha yi mini faɗa cewa in na karanta littafi sai in kwana uku ina magana da bakin yarinyar ciki. To, wannan ba shi da bangon da zan rufe.

Za ki ce in daina zuwa garejin. Na gwada kwana biyu. Ya dawo, ya ci abinci, ya ce sannu da aiki, ya fita. Na zauna ina jin agogo. Rana ta uku na ɗauki shayi na bi shi.

Ya ce motocin sun gama gyaruwa. Da zarar sanyi ya sassauta za a fito da su, Auta ya zaɓa. Alhaji Dabo ya ji an sa lokaci ya yi murna, bai san wa ake nufi ba.

Kada ki gaya wa Umma. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Suhaila

McLeansville,
14 ga Janairu, 2024

Yaya Ruƙayya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Na ga amsarki, kuma ina karanta addu'o'in safe da yamma kamar yadda kika ce. Amma ba na jin abin da kike zato ne. Bari ki ji.

Na roƙi Ma'aruf ya kai ni in gaida Hanifa, matar marigayin. Tana zaune a gidan yayanta a Summerfield, inda ake kiwon dawakai. Ya sauke ni a bakin ƙofa ya juya, bai shiga ba. Mace ce mai natsuwa, aikin jinya take yi. Afnan shekararta biyar, na gaishe ta da Hausa ta amsa da Turanci, ta tambaye ni ko ni ce antin da take zaune da motar babanta.

Muna kicin Hanifa tana ba ni labarin wahalar aikinta, sai na buga yatsa sau biyu a tebur na ce ai a kwana ake gane gwani. Cokalin hannunta ya faɗi. Ta tura Afnan falo, ta zauna, ta ce in gaya mata abin da ake yi a garejin nan. Na gaya mata duka, har hular.

 Sannan ta ce za ta faɗa mini abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Hisham ba ya son mota. Warin fetur ciwon kai yake sa shi, in ya dawo daga gareji sai ta ba shi magani. Kowace Juma'a yana zama da waya yana haddace hujjoji kamar mai shirin jarrabawa, har ita yake sa wa ta yi masa tambayoyi. Tun da mahaifinsu ya rasu suna samari Ma'aruf ya rufe baki, kuma Hisham ya gano abu ɗaya ne yake buɗe shi, a yi masa gardama. Ta ce, "Da Yaya Ma'aruf ya yabi koriyar, wallahi baban Afnan jar zai yaba." Ta ce da gangan yake jan gyaran, yau ya ɓatar da noti, gobe ya ce fentin bai yi ba, don ya san ranar da ya zaɓa hira ta ƙare.

Ita ba ta damu da wacce za a kawo ba. Amma haƙƙin na yarinya ne, ba ta da ikon yafe shi.

Yaya, da Ma'aruf ya zo ɗaukata, duk hanyar dawowa ina kallon gefen fuskarsa. Ashe ba wani abu ne ya shige ni ba. Wuri ne na tarar babu kowa, na zauna. Wanda ya zauna kafin ni ma ba don mota ya zauna ba, kuma buga yatsan nan, na tuna, a hannun Ma'aruf na gan shi, in yana koya mini layi. Ban taɓa ganin Hisham ba ko sau ɗaya, amma ba na jin akwai wanda ya san shi kamar ni a yanzu.

Abin da ke gabana ke nan. In ranar ta zo na buɗe baki na zaɓa, na yi wa mamaci ƙarya a kan dukiyar marainiya, kuma na zama Auta ke nan har abada. In na ja lokaci kamar yadda ya yi, mijina zai ci gaba da magana, yarinya ta ci gaba da jira. In kuma na faɗi gaskiya, na ƙwace masa ƙanen da yake zaton ya sani, sannan in koma jin agogo. Ban taɓa karanta littafin da aka sa amarya a nan ba.

Ki gaida Umma. Ki ce ina ƙiba.

Taki,
Suhaila

McLeansville,
25 ga Fabrairu, 2024

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku lafiya. Ki yafe mini shirun da na yi, sai yau hannuna ya iya riƙe biro.

An yi ranar. Asabar ce, rana ta fito, ya wanke motocin ya jera su a gaban gareji. Ya sa mini hular da hannunsa. Ya zaga da ni a jar, ya zaga da ni a koriyar, muka yi gardamar tun daga farko har ƙarshe, ban kuskure ko kalma ɗaya ba. Ban taɓa ganinsa da farin ciki irin na ranar ba. Sannan ya sa makulli ɗaya a kowane tafi ya miƙo mini hannu biyu, ya ce, "Auta, na raba. Zaɓi."

Bakina ya buɗe da kansa, Yaya, amsar tana kan harshena. Sai na cire hular na ɗora a kan koriyar. Na ce, "Suhaila ce. Hisham ya rasu bai zaɓa ba, kuma da ya shekara ɗari ba zai zaɓa ba. Ba mota yake so ba, muryarka yake so." Na gaya masa sauran, ciwon kan da haddar da notin da yake ɓoyewa.

Bai ce ƙarya nake ba. Ya rufe hannuwansa a hankali, ya shiga gareji, na ji yana jan wasu akwatunan ƙarfe. Daga baya na leƙa. A bayan wata tsohuwar taya ya samo gwangwani cike da notuna, yana zaune a ƙasa da shi a cinyarsa. Ban shiga ba.

Washegari ya kira Alhaji Dabo. Ranar Litinin babbar mota ta zo ta ɗauki jar zuwa Summerfield. Jar, Yaya, tasa, wadda ya yi shekaru yana karewa. Bai faɗi dalili ba. Ina zaton ya ga tun da ƙanen bai so ko ɗaya ba, gara yarinya ta sami wadda wani ya so. Ya lulluɓe koriyar da tamfol ya kulle ƙofa.

Kwana goma sha biyu muka yi ba magana. Ko sannu da aikin ma ta ɗauke. Yana cin abinci yana kallon bango, ni ina kallonsa ina tambayar kaina ko na kashe masa ɗan'uwa karo na biyu.

Jiya da safe aka tashi da ruwan sama. Yana shan shayi a tsaye, har ya sa takalmi, sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, ruwan ƙasar nan ya fi na gida, yana sauka a hankali, ba ya rushe katanga, ba ya ɗauke wuta. Ya yi shiru. Na san shirun nan, na mai jira ne.

Na ce ruwan da ba shi da ƙamshin ƙasa ai ba ruwa ba ne, wankin titi ne. Ya juyo. Ya ce taɓo fa, da sauro? Na ce dafaffiyar gyaɗa fa, da yara suna tsalle a ƙarƙashin indararo? Bai gyara mini ko kalma ɗaya ba. Ya ja kujera ya zauna. Muka yi ta yi har ya makara wurin aiki, kuma da zai fita sunana ya kira.

Na yi kuka don daɗi. Sai da na gama wanke kofuna na tsaya da hannu a ruwa, wani abu ya zo mini. Ban sani ba ko da gaske ruwan gida na fi so, ko kuwa ɓangaren gardamar da ya rage babu kowa na ɗauka. Na yi ta ƙoƙarin tuna kaina a tsakar gidanmu ana ruwa, ina ganin Umma tana tarar ruwa a bokiti, ina ganinki kina kwashe shanya, ni ce kawai ban ga inda nake ba.

Ke kika goya ni, Yaya, kin san ni tun ban iya karatu ba. Don Allah kada ki faɗi abin da zai faranta mini, ki faɗi abin da kika tuna. Da ina gida, ina son damina?

Ina jiran amsarki. Ki gaida Umma da yara, ki ce ina kewarsu.

Ƙanwarki,
Suhaila